Raddi ga Masu Ɗora wa Makiyayi Laifin Ƙarewar Zaki

Akwai maganar da masu kare farautar manyan dawa suke ta nanatawa a Washington, musamman tun Disamban 2015 da hukumar kula da namun daji ta Amurka ta sa zakin Afirka cikin dabbobin da doka ke karewa. Wai makiyaya da ƙauyawa ne suka ƙarar da zaki, wai kuɗin attajirin da ke zuwa da bindiga ne ke raya sauran. A taƙaice, mai harbi shi ne mai ceto. Subhanallahi!

Mu fara da zargin farko, don shi ne ya fi rauni. Makiyayi ya yi dubban shekaru yana kiwo a dajin da zaki ke ciki, daga Maroko har Indiya, zaki bai ƙare ba. To yaushe ya fara ƙarewa? A Aljeriya gwamnatin mulkin mallakar Faransa ce ta riƙa biyan lada kan kowane zaki da aka kashe, har wani hafsanta, Jules Gérard, ya yi suna da laƙabin makashin zakuna. Kafin a kai ƙarshen ƙarni na 20 babu zaki ko ɗaya a dazukan Arewacin Afirka. A kudu ma, zakin yankin Cape ya shuɗe tun ƙarni na 19, bayan Turawa sun kafa gonaki da bindiga a kafaɗa. Wane Bafillace ne ya je can?

Kuma masu wannan magana a Washington ba sai sun yi nisa ba. Daga 1909 zuwa 1910 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya ratsa Gabashin Afirka da sunan tara wa cibiyar Smithsonian dabbobi. Shi da ɗansa Kermit kaɗai sun harbe zakuna 17. Fatu da ƙasusuwan da aka kwaso a wannan tafiya suna nan ajiye a gidan tarihi a tsakiyar Washington. Mai shakka ya taka ya tambaya.

Ku dubi dajin Gir na Indiya. Zakunansa sun kusa ƙarewa saboda farautar sarakuna da Turawa, sai Nawab, wato sarkin Junagadh, ya hana. A ƙidayar 2020 sun kai 674, kuma makiyayan Maldhari na nan cikin dajin da ɓaunarsu da shanunsu. An cire bindiga, an bar makiyayi, zaki ya hayayyafa. Wace hujja ake nema bayan wannan?

Gaskiya ne makiyayi kan wayi gari ya tarar da saniyarsa tilo a yashe, ciki a farke, ya zuba guba a mushen, zakuna su ci su mutu har da ungulaye. Wannan ɓarna ce, kuma dole a hana. Amma sai da noma ya cinye burtali, masu naman daji suka share gada da ɓauna, sannan yunwa ta kai zaki ruga.

Na biyu, wai tsofaffin maza kaɗai ake harbi, ba asara. Duk wanda ya san zaki ya san idan uban garke ya faɗi, baƙon namiji kan karɓe garken ya kashe 'ya'yan da ya tarar. Harsashi ɗaya, gawa da yawa. Wani zaki mai suna Cecil da aka kashe a gefen Hwange a Zimbabwe a Yulin 2015 yana da 'ya'ya, har da na'urar masu binciken Oxford a wuyansa.

Na uku, kuɗin. Binciken 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a dazukan W, Arli da Pendjari, sai tsiraru a Niokolo-Koba, Kainji da Yankari. Benin da Burkina Faso sun daɗe suna sayar da lasisin farauta. Me ya hana kuɗin cika dajin?

Na huɗu, wai ba wata hanyar kare zaki sai farauta. Akwai mana. Matasan Masai a Amboseli sun zama masu gadin zaki tun 2007.

Sauran maganganunsu ba su cancanci tawada ba. A biya makiyayi diyyar dabbarsa, a biya masu gadin daji albashinsu, a daina kiran mai harbi mai ceto.