Kafin a Tare a Sabon Gida

Wannan mako wata uwargida ce daga ƙasar Ajingi ta aiko da tambaya. Ta ce maigidanta ya sayi gida a cikin garin Gaya, za su tare bayan an gama girbi. Shi yana so ya ɗauko ma'aikata daga Kano su wanke gidan ƙal, su yi feshi. Ita kuwa tana ganin ɓarnar kuɗi ce, kuma tana tsoron kada dangin miji su ce ba ta iya shara ba. Tana tambaya, wa ya fi gaskiya?

To, 'yar'uwa, kowannenku yana da rabin gaskiya. Akwai aikin da biyan kuɗi a kansa almubazzaranci ne, akwai kuma wanda ƙin biya a kansa ganganci ne. Gwanintar uwargida ita ce ta san bambancinsu.

Mu fara da abin da muke saya. Wanda ya sayi tsohon gida, ya saye shi ne da duk abin da masu shi na da suka bari. Sun kwashe gado da tukwane, amma ba su tafi da ɓerayensu ba. Kuɗin-cizo yana nan a tsagar bango, yana iya yin watanni bai sha jini ba, yana jiran baƙi. Kyankyasai suna cikin masai, gara tana cikin azara, kunama tana ƙarƙashin tarkacen bayan ɗaki. Rijiya kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ya faɗa cikinta tun da aka rufe gidan. Tsintsiya ba ta kai wa ga ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ayyuka uku ne nake ba da shawara a biya masu sana'a su yi.

Na farko yasar rijiya. Rijiyar da ta daɗe a rufe takan tara mugun iska a ƙasa, mutum ya shiga ya shiɗe, wanda ya bi shi don ceto shi ma ya shiɗe. Kada a tura yaron gida ko almajiri don neman sauƙi. Masu yasa na ƙwarai sukan bar bakinta a buɗe tukuna, su zura fitila mai wuta. In ta mutu, ba a shiga. Mai shiga yana ɗaure da igiya a ƙugu, 'yan'uwansa suna riƙe a sama. Kada kuma a yarda a zura injin jan ruwa mai shan fetur cikin rami, hayaƙinsa yana kisa. In an gama, a nemi ma'aikatan tsafta na ƙaramar hukuma, waɗanda iyayenmu ke kira duba-gari, su nuna yawan kilorin da za a zuba.

Na biyu masai. A duba ko ya cika, ko bakinsa ya zaizaye. A kuma auna tsakaninsa da rijiya. Masana lafiya suna son a sami mita 30, watau kamar taku 40 na babban mutum, domin ƙazanta tana bin ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwa, daga nan sai amai da gudawa. In tazarar ta gaza, ruwan rijiyar na wanki ne, na sha kuwa sai an tafasa.

Na uku feshin maganin ƙwari. A nan ne araha ta fi yin ɓarna. Mata da yawa sukan sayi Sniper su yayyafa a ɗaki da kansu. Wannan maganin gona ne, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwa da kantunan kayan masarufi. Ƙwayar nan da ake jefa wa buhun wake ta fi shi haɗari. In ta sha danshi sai ta fitar da iska mai guba, tana iya hallaka mutanen ɗaki suna barci. Mai feshi na gaskiya zai nuna miki kwalbar da takardarta, ya rufe hancinsa da hannuwansa, ya kuma faɗi lokacin da za a buɗe tagogi da ranar da yara za su iya shiga. Ga wani abu da ya kamata a sani kafin ciniki: ƙwan kuɗin-cizo yakan tsira daga feshin farko, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. Saboda haka a haɗa da feshi na biyu bayan mako 2, duk cikin kuɗin da aka yanka.

Sauran aiki kuwa namu ne. Share yana, wanke ƙofofi da tagogi, buɗe rariya, kwashe juji, shafa farar ƙasa, duk ba su bukatar mota daga Kano. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa kakanninmu suka bar mana gayya. Yadda mata ke taruwa da maɗabi da ruwan makuba su yi daɓen ɗakin amarya, haka za a kira ƙanne da ƙawaye, a dafa musu shinkafa da wake, a dama fura. Kafin la'asar an gama, an kuma ƙara zumunci.

Amma fa a yi hankali da kashin ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, daga fitsari da kashin wani irin ɓera ake ɗaukarsa, kuma ya fi yawa da rani, daidai lokacin da muka fi yin ƙaura. Kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. A zuba gwangwani 1 na Hypo cikin gwangwani 9 na ruwa, a jiƙa wurin, a jira minti 5, sa'an nan a kwashe da leda a hannu. Kada a gauraya Hypo da wani maganin wanki, haɗin yana iya tayar da iska mai shaƙe mutum. In an gama, a kira magini ya toshe ramuka da tsagogi, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu sai maganar kuɗi. Farashi yana sauyawa da kasuwa, amma abin da ke hau da shi ba ya sauyawa: yawan ɗakuna, zurfin rijiya, irin magani, da nisan tafiya. Kamfanin da zai taso daga Kano ya ratso Wudil ya iso Gaya, ku za ku biya man motarsa zuwa da komowa. Don haka a fara neman masu yasa da magina na cikin gari, a bar wa na birni feshi kaɗai in babu gwani kusa. A ji ta bakin mutum uku kafin a tsaya kan ɗaya. A yi jinga, kada a yi kuɗin yini, don mai kuɗin yini ba ya gaggawa. A ba da rabi a farko, rabi bayan an duba aiki.

Ga ɗan lissafi. A ce an sayi gida naira 5,000,000. In aka ware naira 1 daga kowace 100, an sami naira 50,000. Wanda ya iya fid da miliyan biyar, bai kamata wannan ta gagare shi ba. Ku auna ta da kwanciyar yaro ɗaya a asibiti: kuɗin mota, ƙarin ruwa, allura, abincin mai jinya, ga sana'ar uwa ta tsaya. Mai dabara ma tun wajen ciniki zai leƙa masai da rijiya, in ya ga sai an yi aiki, ya nemi a rage masa daga kuɗin gidan. Wannan magana ce da uwargida za ta iya sa wa maigida a kunne tun da wuri.

Lokaci ma kuɗi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da babu kowa ya fi sauƙin aiki: babu jeren kwanuka da za a sauke, babu jariri da zai shaƙi magani, maza ma'aikata kuma za su shiga ko'ina ba sai an nemi izini ba. A ba aikin mako 3. A fara da masai da rijiya, sa'an nan shara da toshe ramuka, sai feshi, farar ƙasa a ƙarshe. A bar tagogi a buɗe rana da iska su shiga.

Batun kunya kuwa, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Ba a taɓa zagin mace don ta kai dawa inji ba, ko don ta kira wanzami. Kowace sana'a da mai ita. Dangin miji za su duba tsakar gida su tafi, ke ce za ki zauna da 'ya'yanki kina ba su ruwan rijiyar nan.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku na wannan mako: kowace ta auna taku nawa ne tsakanin rijiyar gidansu da masai, ta gaya wa mahaifiyarta abin da ta samu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan ajiyar hatsi a sabon gida. Wassalam.