Raddi ga Masu Cewa Falsafa Ƙofar Zindiƙanci Ce

Akwai maganar da ta yi kaka-gida a wasu majalisun wa'azi, wai duk wanda ya buɗe littafin falsafa yana neman sanin dalilin zuwansa duniya ya kama hanyar zindiƙanci. Masu faɗar haka ba da ka suke magana ba. Suna da hujjoji, kuma hujjojin sun cancanci a auna su.

Ta farko ita ce Alƙur'ani ya gama amsa tambayar: a Suratuz Zariyat an bayyana cewa don bauta aka halicci aljanu da mutane, to neman me kuma? Babu Musulmin da ke ja da ayar. Sai dai haddace amsa daban, natsuwa da ita daban. Yaron makarantar allo ya wanke ayar tun yana ƙarami, amma ranar da ya girma ya binne ɗansa da hannunsa, ko ya ga azzalumi na ƙiba mai gaskiya na rama, tambayar za ta dawo masa da wata fuska. Annabi Ibrahim, aminci ya tabbata a gare shi, ya roƙi a nuna masa yadda ake raya matattu don zuciyarsa ta natsu, alhali ya yi imani. Ba a kore shi ba. Tsuntsaye huɗu aka umarce shi ya kama.

Hujja ta biyu ita suka fi ji da ita: ai Imamu Gazali ya rushe falsafa a Tahafutul Falasifa. Da za su karanta littafin da suke dogara da shi, da sun sassauta. Mas'aloli 20 ya ɗauko daga Farabi da Ibnu Sina da waɗanda suka bi sawunsu, kuma a uku kaɗai ya yanke hukuncin kafirci: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san abubuwa ɗaiɗaikunsu ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. Lissafi kuwa da ilimin husufin rana da wata, gargaɗi ya yi ga mai musunsu da sunan kare addini, domin wanda ya san hujjar lissafin ba lissafin zai zarga ba, addinin zai zarga. Mantiƙi ma bai yar da shi ba, shi ya sa a gabatarwar Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhi. Kafin ya ɗaga alƙalami sai da ya kwashe kusan shekara biyu yana karanta littattafan masu falsafa a lokacin hutunsa, yana kuma koyar da ɗalibai wajen 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. A shekarar 1095 wannan neman ya kai shi ga harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi zama masa, har ya bar muƙami da iyali ya nufi Dimashƙa. Za a ce ai a ƙarshe wajen sufaye ya sami natsuwa, ba wajen masu falsafa ba. Haka ne. Amma ya san iyakar hankali ne domin ya taka har bakin iyakar, kuma wanda bai bar ƙofar gida ba ba shi da hurumin aron hukuncin matafiyi.

Sai ta uku: manyan malamai irin su Ibnus Salah da Nawawi da Suyuɗi sun haramta mantiƙi. Gaskiya ne sun haramta, amma mas'alar saɓani ce, kuma abin mamaki shi ne a ƙasar Hausa a riƙa gabatar da ita tamkar ijma'i. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Muhammadu Rumfa ya kuma rubuta masa nasiha kan mulki, shi ne ya mayar wa Suyuɗi martani a baitoci yana kare mantiƙi. Abdurrahman Ahalari, mai ɗan littafin tsarki da salla da almajiri ke fara biyawa a zaure, shi ne dai ya tsara Sullam a ilimin mantiƙi, inda ya kawo ra'ayin masu haramtawa sannan ya rinjayar da halasci ga mai lafiyayyen hankali da ya goge da Littafi da Sunna. Ummul Barahina ta Sanusi da rabe-raben hukuncin hankali ta buɗe: wajibi, mustahili da ja'izi. A gidan Shehu Usmanu ma an yi Abdulƙadir ɗan Tafa, jikansa ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda ya rasu a 1864, ya bar rubuce-rubuce a falsafa kan asalin halitta da makomar rai. Waɗannan su ne zindiƙan?

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta huɗu, kuma ba za a yi mata riƙon sakainar kashi ba: mutane sun ɓata ta wannan hanya, kuma Shehu Usmanu da kansa ya yi fama da ɗaliban ilimin kalami na zamaninsa. An ɓata, babu musu, kuma ba kowa ne ya dace a miƙa wa Ibnu Sina ba. Amma a duba abin da Shehu ya yi inkari a kai. Laifin ɗaliban nan shi ne kafirta talakan da bai iya jera hujjojin kalami ba, alhali yana salla yana azumi. Wato abin da ya ƙi shi ne saurin fitar da Musulmi daga addini kan abin da shari'a ba ta shar'anta ba. Mai jifan ɗalibin falsafa da zindiƙanci tun kafin ya ji me ya ƙudurta, laifin nan ne ya maimaita, ɓangare kawai ya sauya.

Bayan haka, hanin ma ya daina aiki. Matashin da ke jami'a a Zariya ko Yamai yana cin karo a wayarsa da ra'ayin Albert Camus, marubucin Faransa haifaffen Aljeriya, wanda a 1942 ya kafa hujjar cewa duniya ba ta amsa wa mai neman ma'ana, don haka mutum ya rayu ba tare da jiran amsa ba. Idan ya kawo wannan shubuhar gaban malami aka ce masa ya yi istigfari ya yi shiru, abin da zai fahimta shi ne malam ba shi da amsa. Ibnu Taimiyya, wanda da yawa daga masu hanin ke girmamawa, bai bi wannan hanyar ba. Da ya tashi yi wa masu mantiƙi raddi, sai da ya warware ma'anar haddi da ƙiyasi a wajen Aristo ɗaya bayan ɗaya, ya kuma rubuta mujalladai kan cewa lafiyayyen hankali ba ya karo da ingantaccen nassi.