Haruffa Huɗu Ba Za Su Yi Maka Difens Ba

Tun farkon zangon nan wani sabon yayi ya shigo gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp. Mutum zai amsa tambayoyi a intanet na 'yan mintoci, a ba shi haruffa huɗu, INFP ko ESTJ, sai ya liƙa su a sitatus kamar lambar rajista. Da a wasa abin ya tsaya, da sauƙi. Amma da aka zo rabon aikin furojet, sai ka ji wani ya ce shi intirobat ne, kada a sa shi cikin masu bayani ranar difens. Wata kuma ta ce ita estirobat ce, zaman laburare ba nata ba ne. A ganina 'yan uwan nan namu sun ɗauki ilimin a baibai, kuma su ne za su kwana ciki.

Asalin maganar daga Carl Jung ne, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, a littafinsa na 1921 kan rabe-raben halayen mutane. Ya ce hankalin ɗan Adam yana aiki ta hanyoyi huɗu: tunani, wato auna abu da hujja, ji a zuci, wato auna abu da darajarsa, lura, wato abin da ido da kunne suka kama, sai tsinkaye, wato hango inda abu ya dosa. Kowace a cikinsu tana iya fuskantar waje ko ta fuskanci ciki, shi ya sa suka zama takwas. To ka ga tambayar ita ce ina hankalinka ya fi karkata, yawan surutu bai ma shigo ciki ba.

Mu ɗauki misali daga gida Karofi. Ɗan kamasho da ke tsara lodin motocin Katsina, wannan ta fara tashi, waccan ta jira, tunaninsa waje yake fuskanta. Makaniken da zai zura wa injin ban-ruwa na masu noman rani a Zobe ido har sai ya gano yadda cikinsa ke tafiya, shi ma tunani yake, amma mai fuskantar ciki. Uwar biki da ke karanta fuskokin dangin ango ta san wanda aka ɓata wa rai, jinta na waje ne. Dattijon da zai ƙi karɓar kuɗin 'yan siyasa ba tare da ya yi wa kowa wa'azi ba, nasa na ciki ne. A cikin su huɗun akwai wanda ba ya iya magana idan ta kama? Babu.

Haruffan da muke yayi kuwa aikin Katharine Briggs ne da 'yarta Isabel Myers a Amurka, waɗanda suka fara tsara gwajin MBTI a shekarun 1940, suka kasa mutane gida 16. Ko a tsarin nasu, kowa yana da babbar hanya da mataimakiyarta, kuma idan babbar tana fuskantar ciki, mataimakiyar waje take fuskanta. Ashe ko da ka yarda da ka'idar ɗari bisa ɗari, ita da kanta ta ce kana da ƙofar fita wajen mutane. Jung ma ya taɓa cewa a wata hira babu wanda yake zallan ɗaya, da akwai shi da yana gidan mahaukata.

Sannan akwai abin da gwajin bai sani ba game da mu, wato kunya da kawaici. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya lissafa kunya da haƙuri da ladabi cikin siffofin mutumin kirki a wajen Bahaushe. Yaron da ya tashi a Karofi ko Kurfi an koya masa ya sunkuyar da kai gaban mahaifinsa da malaminsa. Shi ɗin ne dai da dare a teburin mai shayi ba ya barin kowa ya sa baki idan ana musun ƙwallo. To idan aka tambaye shi ko yana fara magana a taro, wane taron zai tuna? Tarbiyya ce ta rufe masa baki a aji, gwaji kuma ya rubuta masa ita a matsayin halitta.

Ban ce bambancin ƙarya ne ba fa. Akwai wanda cunkoso ke gajiyar da shi da gaske, akwai wanda kaɗaici ke damunsa, kuma masana halayyar ɗan Adam suna auna wannan. Sai dai abin da suke samu shi ne yawancin mutane a tsakiya suke. Gwajin kuwa a tsakiyar nan yake ja layi, shi ya sa wani zai sake shi bayan 'yan makonni harafinsa ya canza.

Don haka ina kira ga shugabannin gurup na furojet: kowa ya tashi ya yi bayani sau ɗaya a gaban 'yan gurup kafin difens, mai surutun kuma a ba shi babi guda ya rubuta da hannunsa. Ƙungiyar ɗalibai kuma, a daren gabatar da manufofi, ta nemi kowane ɗan takara ya kawo shirinsa a rubuce a liƙa a allo, don kada mai ƙarfin murya ya cinye zaɓe alhali miskilin da ya iya lissafin kuɗi yana gefe.

'Yan uwa, wata nawa ya rage mu karɓi difuloma? Gaba akwai intabiyu, akwai kwastoma da za a shawo kansa, akwai rahoton da za a zauna shiru a rubuta. Duka biyun za a nema a wajenka, gara ka fara koyon wanda ya fi yi maka wuya tun muna nan.