Gaskata Mai Ƙara Daban, Kawar da Shakka Daban: Shari'ar Kadinal Pell

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce duba wata shari'a da aka yi a ƙasar Ostireliya, wadda ta raba kan masana, domin a fito da wani bambanci da jama'a kan kasa lura da shi idan kotun sama ta rushe hukuncin laifin lalata.

A can, kamar yadda yake a Ingila, manyan laifuffuka juri ne ke yanke musu hukunci, wato mutum 12 da akan ɗebo daga cikin gama-garin jama'a. Ba kamar muhutai ba ne da ke ba alƙali shawara. Su ne ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba, kuma ba sa faɗin dalilinsu. Aikin alƙali shi ne ya yi musu jagora a kan abin da doka ta ce. Saboda haka wanda aka kama da laifi yana da manyan ƙofofi biyu na ɗaukaka ƙara. Ko dai ya ce alƙali ya karkata wajen yi wa juri bayani, wanda galibi sakamakonsa sake shari'a ne, ko kuwa ya ce hukuncin kansa bai dace da hankali ba idan aka auna shi da shaidar da aka gabatar, wanda idan ya tabbata sai a sallame shi. Wannan ƙofa ta biyu lauyoyinmu ma sun san ta, ko da yake kotunan Nijeriya ba su aiki da juri a yau.

Ƙofar farko ta ƙuntata ƙwarai. Da can wajibi ne alƙali ya gargaɗi juri cewa akwai haɗari a kama mutum da laifin lalata bisa maganar mai ƙara kaɗai. Ingila ta soke wannan wajibci a 1994, jihar Biktoriya kuma, a dokarta ta 2015, ta hana alƙali nuna cewa masu irin wannan ƙara jinsin mutane ne marasa abin dogaro. A nawa ganin wannan gyara ne mai kyau, domin tsohon gargaɗin zargi ne da aka ɗora wa mutum tun bai buɗe baki ba.

To, George Pell shi ne babban limamin Katolika na birnin Melbon daga 1996, daga baya ya zama mai kula da dukiyar Batikan. An tuhume shi da cin zarafin yara biyu mawaƙan coci, masu shekara 13, a 1996 da 1997. Ɗayansu ya rasu a 2014, saboda haka shaida ɗaya ne tak ya tsaya a kan abin da ya faru. Juri na farko ya kasa daidaita baki. Na biyu ya same shi da laifi a Disamba 2018, aka ɗaure shi shekara 6. A Agusta 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Biktoriya ta tabbatar da hukuncin, alƙalai 2 suka rinjayi 1. Amma ranar 7 ga Afrilu 2020 alƙalai 7 na Babbar Kotun ƙasar, baki ɗaya, suka rushe shi, bayan ya yi kwana fiye da 400 a kurkuku.

Abin lura shi ne Babbar Kotu ba ta ce mai ƙara ya yi ƙarya ba. Hasali ma ta ɗauka cewa juri ya gaskata shi, sannan ta tambaya: duk da haka, shin sauran shaidu ba su isa su jefa shakka a zuciyar mai hankali ba? Ma'aikatan cocin sun shaida cewa al'adar Pell ce ya tsaya a bakin ƙofa yana gaisawa da jama'a bayan ibada, cewa ba a barinsa shi kaɗai muddin yana cikin kayan limanci, kuma ɗakin da aka ce abin ya auku cike yake da kai-kawo a wannan lokaci. Masu gabatar da ƙara kuwa ba su ƙalubalanci gaskiyar waɗannan mutane ba. Alƙalai biyun nan na Biktoriya, da suka kalli hoton bidiyon shaidar mai ƙara suka gamsu da shi, sai suka koma tambayar ko zai yiwu abin ya faru. Nan kuskurensu yake. Yiwuwa ba ta ɗaure mutum. Nauyin kawar da shakka yana wuyan mai tuhuma har ƙarshe.

Don haka ina ganin hukuncin ya bi doka. Masu cewa kotun sama ba ta da hurumin taɓa abin da juri ya yanke, sai su tuna cewa juri ba ya ba da dalili. In ba a bar wannan ƙofa ba, kuskurensa ba shi da magani.

Amma akwai abin da ke damuna, kuma ban ga masu murna da hukuncin sun tsaya a kansa ba. Shaidar da ta kuɓutar da Pell shaidar al'ada ce: abin da ya saba yi, ba abin da kowa ya tuna dalla-dalla bayan shekara 22 ba. Wa ke da irin wannan shaida? Babban mutum ne, mai fadawa da tsararren lokaci, wanda kowane motsinsa yana da mai lura. Lebura ko direba da aka tuhuma da irin wannan laifi ba shi da mai rantsewa a kan inda yakan tsaya ranar Lahadi. Yaron da aka zalunta a ɓoye kuwa ba shi da kowa sai bakinsa. Wannan ba laifin alƙalan bakwai ba ne. Aikin mai gabatar da ƙara ne ya titsiye shaidun al'ada tun a kotun farko, ya tambaye su ko al'adar ba ta taɓa saɓawa ba. In ya bar maganarsu ta wuce salin-alin, kotun sama ba ta da yadda za ta yi sai ta lissafa da ita. Pell ya rasu a Rum a Janairu 2023.