Haƙƙin Da Ba Ya Rabuwa Da Mai Shi: Mu Gyara Fassararmu

Maƙalar wannan mako ƙorafi ce, kuma da kanmu muke.

Akwai wata kalmar shari'a ta Turanci, "inalienable", wadda ke cikin gabatarwar Sanarwar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1948. Da yawanmu in mun ci karo da ita sai mu rubuta "haƙƙin da ba a iya tauyewa", mu wuce. Wannan fassara kuskure ce, kuma tana cutar da mai karatu.

Wa ya ce ba a iya tauyewa? Kullum ana tauyewa. Amurkawa sun saka makamanciyar wannan kalma a takardar ayyana 'yancin kansu a 1776, alhali bayi na noma gonakin wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu, kuma ba a haramta bauta a tsarin mulkinsu ba sai 1865. Wanda aka zalunta jiya, in ya karanta cewa haƙƙinsa ba ya tauyuwa, dariya zai yi mana, ya ɗauki maganar haƙƙi gaba ɗaya tatsuniyar 'yan boko.

Tushen kalmar Latin ne, kuma daga dokar dukiya ta fito. Tana magana ne a kan fitar da abu daga hannunka zuwa hannun wani, ta sayarwa ko kyauta. Da aka kore ta, sai ta zama haƙƙin da ba ya barin mai shi. Ba a saye shi, ba a kyautar da shi, mai shi ma ba ya da ikon sarayar da shi, ko da ya dangwala yatsa a takarda gaban shaidu goma. Azzalumi na iya take shi, amma takewar ba ta kashe shi.

Abin haushin shi ne wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san mai bin bashi na iya yafewa, waliyyan wanda aka kashe na iya barin ƙisasi su karɓi diyya. Ya kuma san wakafi ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa, kuma ɗa ba ya sayar da kansa ya zama bawa ko da yunwa ta kai shi bango. Rabe-raben na nan a harshenmu, lalaci ne kawai ya hana mu ɗauko su.

Kada kuma mu cakuɗa ta da "haƙƙin da ba a taƙaitawa". Sashe na 45 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya yarda doka ta taƙaita 'yancin magana da taro da zirga-zirga saboda tsaro ko lafiyar jama'a. Akwai kuma waɗanda ba a dakatarwa ko a dokar ta-ɓaci, irin su haramcin azabtarwa da bautarwa, kamar yadda yarjejeniyar haƙƙoƙin jama'a da siyasa ta 1966 ta tanada. Tauyewa daban, taƙaitawa daban, sarayarwa daban. Marubucin da ya zuba su a ƙwarya ɗaya ya ɓatar da mai karatu.

Wani zai ce, "Ai an gane abin da ake nufi." Ba a gane ba, kuma mu ne shaida. Marubutanmu nawa suka sayar wa mai shirya fim labari, aka cire sunansu, suka yi shiru don suna ganin tun da sun karɓi kuɗi magana ta ƙare? Yarjejeniyar Berne ta raba haƙƙin cin moriyar aiki, wanda ake sayarwa, da haƙƙin a jingina wa marubuci aikinsa, wanda ke nan ko bayan ciniki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 1988 da wannan kalmar ta siffanta haƙƙi na biyun, ta 2022 kuma ta ce ba ya komawa hannun wani muddin marubuci na raye. Wanda bai san ma'anar kalmar ba ya bar abin da tun farko bai shiga cinikin ba.

Shawararmu ita ce mu riƙa rubuta "haƙƙin da ba ya rabuwa da mai shi", ko "haƙƙin da ba a sarayarwa". Ya fi tsawo, amma gaskiya yake faɗa. Wanda ke da fassarar da ta fi wannan ya kawo ta da hujjarsa, mu auna. Kafin nan, kowa ya koma rubuce-rubucensa na baya ya duba inda ya sa "tauyewa", ya gyara.

Allah Ya ƙara basira.