Zanen Aro a Sararin Samaniyar Saigon

A ƙarshen 1972, gab da sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta birnin Faris, Amurka ta yi gaggawar jibge wa rundunar sojan saman Biyetnam ta Kudu ɗaruruwan jirage. Rundunar da aka kafa a 1955 ta wayi gari da jirage wajen 2,000, tana cikin mafiya girma a duniya.

Sai dai man da jiragen ke sha, da kayan gyaransu, da bama-baman da suke ɗauka, duk daga aljihun Amurka suke fitowa. A 1974 majalisar dokokin Amurka ta zaftare tallafin soja zuwa dala miliyan 700, ga kuma tsadar mai da ta biyo bayan rikicin 1973. Dole rundunar ta jingine jirage sama da 200, ta kuma rage sa'o'in shawagi. Ranar 28 ga Afrilun 1975, dakarun Arewa suka yi wa sansanin Tan Son Nhut luguden wuta da jiragen A-37 da suka ƙwace daga hannunta. Bayan kwana biyu Saigon ta faɗi, matuƙa da dama sun riga sun tsere Tailan da jiragensu.

Masu tsara kasafin tsaro su dubi wannan tarihi da idon basira. Zanen aro ba ya rufe katara. Duk takardar sayen jirgi da ba ta fayyace wanda zai biya kuɗin mai, gyara da horar da injiniyoyi na shekara goma ba, bai kamata ta wuce teburin babban sakatare ba.