Lamba 20 a cikin duhu

Wanda ya ƙera mitar wuta mai kati, da alama bai taɓa loda ta da dare ba. A Mahuta, kamar sauran unguwannin Kaduna, magidanci zai sayi wuta, a turo masa lamba 20, ya riƙe tocila yana danna maɓallan da ba su fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya kuskure guda, sai allon ya jefo masa guntun Turanci, babu bayani, ya koma farko. Da aka zo sabunta mitoci a 2024, jeri biyu aka ƙara masa, kowanne lamba 20. Tsofaffi kam sai su jira jika. Masu ƙerawa, don Allah ku ƙara girman maɓallan nan, ku sa musu haske.